Mai Zura wa Inna Zare

Ranar sadakar ukun uwar mijina, falonmu da ke hawa na goma sha ɗaya a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur ya cika har takalma suka tare wa maƙwabta hanya. Matan ɗaliban Najeriya sun zo daga Jalan Semarak, wasu daga Sentul, kowacce da kular abincinta da hawayenta. Na zauna a bakin ƙofar kicin ina amsa gaisuwa, ina sauraron abin da ake faɗa a kanta. Wata ta ce ba ta taɓa ganin tsohuwa mai sanyin hali kamarta ba. Wata ta ce, "Wallahi za mu yi missing ɗin Kaka, uwa ce ga kowa." Wadda ta faɗi haka, da idona na ga ranar da ta bar gidan nan tana sharɓar kuka har bakin lif saboda maganar da Inna, wadda suke kira Kaka, ta yaɓa mata. Na miƙa mata ruwa.

Can sai matar shugaban ƙungiyar ɗalibai, wadda ita ce babba a cikinmu, ta ɗaga murya ta ce duk mai haƙƙi a kan mamaciya ta yafe. Aka amsa gaba ɗaya. Ta juyo gare ni ta ce ni da na zauna da ita shekara huɗu, ni ce ya fi kamata a ji daga bakina. Na ce na yafe, kuma ba ƙarya na yi ba sosai. Amma ba wadda ta tambayi ɗaya ɓangaren, wato ko ita ta yafe mini, kuma wannan ne ya hana ni sukuni tun da aka ɗauke ta. Shi ya sa na ɗauki biro. Ina so a tuna da Inna yadda take, ba yadda ake wanke ta a zaman makoki ba. Sannan akwai abin da na yi mata wanda ko mijina bai sani ba.

Inna ta zo Kuala Lumpur ne don wankan jegona na uku, da niyyar wata uku. Mijina, wanda take kira Auta, yana karatun digiri na uku a lokacin. Da aka auna ta aka ga ciwon suga ya ci jikinta, sai ya ce ba za ta koma ƙauye ba, ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka bar ta. Ta shigo gidan da akwati ɗaya na kayan sawa da buhu biyu na ƙyallaye, kuma buhunan ne ta fara tambaya da aka sauka daga jirgi.

Aikinta ɗaya ne a duniya, haɗa ƙyallaye ta yi bargo. Wajen kakarta ta koya, tun tana yarinya tana tsintar ragowar yadi a ƙofar tela. Bargonta hawa uku ne: fuska, wadda take haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa huɗu, sai ciko na tsofaffin zannuwa da take yankawa siri-siri ta shimfiɗa a tsakiya, sai shafi a ƙasa. Idan ta jera su ta kama da fil, sai ta bi da allura layi-layi daga wannan baki zuwa wancan har ukun su zama ɗaya. Ba ta yarda da keken ɗinki ba. Auta ya taɓa sayo mata, ta rufe shi da zane ta mai da shi wurin ajiye carbi.

Da ta yi asuba ta sha kunu, sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar baranda inda haske ya fi, ta buɗe gwangwanin biskit ɗin da allurai suke ciki. Daga nan har azahar ba mai tsallake tabarmar. Almakashinta kuwa, ranar da na yanke ledar kaza da shi, sai da ta yi kwana uku tana ba baƙi labari. Damshin garin nan yana sa ƙyalle ya yi fumfuna, don haka kullum muna cikin wanki da guga da shanya a kan ƙarfen baranda. Sau biyu masu kula da benen suna manna mana takardar gargaɗi a ƙofa. Inna ko a jikinta, ta ce in sun isa su hawo su faɗa mata da Hausa.

Sau ɗaya a wata muke hawa jirgin ƙasa zuwa Sentul, wajen wani tela Ba'indiye da yake tara mata ragowar yadi. Ni ce ’yar ɗaukar jaka. Kalma ɗaya ta iya a yaren ƙasar, boleh, wato yana yiwuwa, kuma da ita take gaisuwa, da ita take tambaya, da ita take faɗa. Ta kan zazzage buhun a gaban mutumin, ta ware mai kyau, ta tura masa sauran da ƙafa. Shi da yake ba ta kyauta, shi ne yake ba ta haƙuri.

Da farko mutane dariya suke mata, wai bargo a garin da ko fanka ta tsaya sai ka jiƙe da gumi. Ta ce a je a tambayi masu karkarwa a laburare. Gaskiyarta kuwa, sanyin na'urar da ke ɗakunan karatun jami'a ya ishi ɗalibanmu, kafin shekara ta zagayo da wuya ka ga ɗan arewa yana rubutun digiri ba da bargon Kaka a kafaɗa ba. Ba ta sayarwa. Wanda ta ga dama take ba.

Daga nan aka fara kawo mata ƙyallaye. Duk wadda ta ɗinka sabon kaya sai ta kawo ragowar, duk mai komawa gida sai ya bar riga ɗaya don a sa shi a bargo. A nan halin Inna ya fito fili. Kowane bargo nata yana da wajen kai da wajen ƙafa. Wanda take ƙauna, ƙyallensa yana wajen kai, inda zai taɓa ƙirji. Wanda ya ɓata mata, yana can inda ƙafa take tattakawa. Kuma ba ta ɓoyewa. In ta gama fuskar bargo sai ta baje ta a falo ranar Asabar, lokacin da mata suke zuwa gaishe ta, kowacce ta durƙusa tana neman kanta. Ana yi ana dariya, amma na sha ganin fuskar da dariyar ta ƙare a kanta.

Matar nan da ta yi kuka har bakin lif, ragowar leshin bikin ƙanwarta ta kawo, mai tsada. Ta dube shi sama ba ta gani ba, ta dube shi tsakiya ba ta gani ba, sai can a kusurwar ƙarshe. Ta yi ƙarfin hali ta tambaya cikin wasa. Inna ba ta ɗago kai daga allura ba.

"A tsaye kika gaishe ni ranar salla," in ji ta. "Na ga ƙafafunki ne abin ji da kanki, shi ya sa na kai ki wajensu."

Akwai kuma wanda take farkewa. Wani ɗalibi da ya yi wata biyu bai leƙo ba, ta sa reza ta cire ƙyallen shaddarsa daga tsakiyar bargo, ta sa a ambulan ta ba Auta ya kai masa masallaci. Mutumin ya zo washegari da lemo da ayaba, ya durƙusa. Ta karɓi lemon, ba ta mayar da shi ba.

Ni kuwa, shekara huɗu ina wanke mata ƙyalle ina gogewa, ba ta taɓa sa ni a ko ɗaya ba, ko a wajen ƙafa. Rigunan Auta suna wajen kai a kowane bargo, kayan yaranmu biyu suna gefensa. Wata rana wata baƙuwa ta tambaya ina na matar gidan. Inna ta ce atamfata zuba take, in ta sa ni zan ɓata sauran. Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, na shiga kicin na tsaya gaban tukunya har albasa ta ƙone. Na ji zafin maganar nan, kuma har yau ina ji.

Ba zan rufe alherinta ba, don ya faru. Yaron da ta zo dominsa, kwana biyar ya yi a duniya ya koma, ba a kai ga suna ba. Ina tsammanin tunda ba jariri, ba maganar wanka. Inna ta ce jiki bai san jariri ya mutu ba. Ta sa Auta ya nemo ganyen darbejiya wajen Indiyawa, ta dinga tafasa ruwa a butar lantarki tana tarawa a bokiti, safe da yamma, kwana arba'in ba fashi, ita da ƙafafunta suke kumbure. Ta dama mini kunun kanwa da kanwar da ta ƙullo daga gida. Da ban samu wannan ba, ban san yadda zan tashi ba. Amma a cikin kwana arba'in ɗin ba ta faɗa mini kalma ɗaya mai taushi ba. Ranar da ta same ni ina kuka a banɗaki, cewa ta yi hawaye yana lalata nono, sai ta ƙara da cewa ko da yake yanzu ba mai sha. Ta ci gaba da fyaɗa mini ganye a baya.

Abu ɗaya ya rage mini na yaron nan, zanen da na naɗe shi a ciki a asibiti, atamfa mai ruwan ganye da ƙananan furanni. Ban wanke shi ba. Na ninke na sa a ƙasan akwatina, nakan ciro shi in ba kowa. Shekara uku yana nan.

Wata Asabar na dawo daga kasuwa na tarar da shi a kan tabarma, an yanka shi siri-siri, an jera a kan shafin sabon bargo tare da tsummokaran ciko. Ledar cefane ta faɗi daga hannuna. Na tambaye ta wa ya ba ta. Ta ce kaya ba a ajiye shi yana ruɓewa a ƙasan akwati. Na ce to ko yankawa za ta yi, me ya hana ta sa shi a fuska inda zan gan shi.

"Wanda bai kai suna ba, ba a sa shi a fuska," in ji ta. "Ciki ake sa shi."

Ranar na ɗaga wa uwar mijina murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mata muguwa, na ce ba ta da imani. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in matsa ina tare mata haske. Da Auta ya dawo ya ji, bai tambaye ni komai a kan zanen ba. Cewa ya yi uwarsa ce, in je in ba ta haƙuri. Na je na durƙusa na ba ta. Ta ce ya wuce, ta miƙo mini ƙyallaye in goge.

Daga baya yayar mijina ta kira ni daga gida, wai don ta kwantar mini da hankali. Ta ce Inna ta binne ’ya’ya uku kafin suna, kuma zannuwansu suna cikin tsohon bargon da take kwana da shi har yanzu, haka kakarta ta koya mata. Na saurara. Na ce nata ’ya’yan ne, tana da ikon yanka zanensu. Nawa ba ta tambaye ni ba. Labarin bai sanyaya mini rai ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya sanyaya ba.

Ba a yi wata biyu ba idonta ya fara tafiya. Likita ya ce sugan ne, kuma shi ne ya kashe mata jin yatsu, har takan soke kanta sai ta ga jini a ƙyalle, daga baya ma ba ta ganin jinin. Ta riga ta jera bargon ta kama da fil, saura bin layi. Hannunta ya san hanya ko ba ido. Abu ɗaya ya gagare ta, zura zare a allura. Auta yana fita da safe sai magariba, yara suna makaranta. Sai ni. Daga tabarma za ta kira, "Matar Auta, zo ki zura." In zo in zura, in ƙulla, in miƙa mata.

Mako biyu ina yi da gaskiya. Amma kullum ina kallon layin yana matsowa tsakiya, inda zanen ɗana yake kwance. Na san da zarar allura ta bi ta kansa, shi ke nan, an rufe shi har abada a cikin bargon da za ta ba wanda ta ga dama. Wata Talata ta kira ni. Na ɗauki allura, na ja zare daga ƙwarya don ta ji ƙarar, na gutsure da haƙori, na yar da shi a ƙasa. Na miƙa mata allurar haka nan.

Ta karɓa. Ta laluba wurin da ta tsaya, ta soka, ta fito da ita, ta ja hannu sama har iyakar tsawonsa kamar yadda ta saba, ta sake sokawa. Na tsaya ina kallo. Da ta yi kamar tsawon zare ɗaya, sai ta kira ni in ƙaro. Na ƙaro mata irin na farko.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. In ta kwanta bayan azahar, sai in cire fil, in zura hannu tsakanin fuska da shafi, in zaro zanen ɗana ɗaya-ɗaya in ɓoye. Da a ce wannan ne kawai dalilina, da na sami abin kare kaina. Amma a kwana na huɗu na gama zaro su duka, kuma ban daina ba. Ina jin daɗin ganinta. Tsohuwar da ta sa manyan mata durƙuso suna neman kansu a ƙyalle, ga ta zaune tun safe har azahar tana ɗinka iska, bayanta yana ciwo, tana tsayawa tana matsa ƙugu. Nakan kawo mata ruwa in ce sannu da aiki, Inna. Takan ce yawwa.

A kwana na tara maƙwabciyarmu ta shigo, wata dattijuwa ’yar ƙasar da suke zaman kurame da Inna, kowacce tana yarenta suna dariya. Ta zauna a gefen tabarma da farantin ƙosan ayaba. Ta dubi hannun Inna, ta dubi bargon, ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta tashi ta fita, ta dawo da wani ɗan ƙarfe mai siririyar waya da makafi ma suke zura zare da shi. Ta kama hannun Inna tana nuna mata yadda ake yi. Inna ta shafa shi, ta mayar mata a tafin hannu, ta ce da ni, "Faɗa mata na gode. Ki ce ina da mai zura mini." Ni na fassara, da bakina. Matar ta tattara farantinta ta tafi, kuma tun ranar ba ta ƙara amsa gaisuwata da fara'a ba. Ita ce ta jagoranci wankan gawar Inna.

Duk da haka ban gane ba, ko kuma ban so in gane ba. Na ce wa kaina yatsunta sun mutu, ba ta ji.

A kwana na goma sha biyu ta kasa tashi daga tabarma, muka kai ta asibiti. Kwana shida ta yi. Ranar ta biyar da la'asar ta farfaɗo sosai, hankalinta garau, ta ce a kira mata Auta kusa. Ya durƙusa a bakin gado yana kuka yana neman gafara, ta dafa kansa ta sa masa albarka. Ta ce a gaya wa mai leshi ta yafe, a gaya wa mai shadda ta yafe, ta lissafo mutanen wajen ƙafa ɗaya bayan ɗaya ba ta manta kowa ba. Ina tsaye ina jiran in ji sunana. Ba ta ambace ni ba. Auta ya yafito ni, na zo na durƙusa.

"Inna, ki yafe mini."

"Na me?"

"Duk abin da na yi miki."

"Faɗe shi."

Na dubi Auta. Yana share ido, yana jira in faɗi wata ’yar magana irin ta suruka, tsawa ko ɓata rai. Na ce ranar da na ɗaga mata murya. Ta ce wannan ya wuce tuntuni, ba shi take tambaya ba. Sai ta ɗaga hannun da ba a sa wa ƙarin ruwa ba, ta haɗa yatsu biyu, ta soka a iska, ta ja sama har iyakar tsawon hannunta. Ta sake. Idonta da ba ya gani yana kaina.

Bakina ya ƙi buɗuwa. Kunya ce, da tsoron mijina, da kuma wani taurin kai da har lokacin bai sake ni ba.

"To," in ji ta. "In kin tashi faɗa, ina nan."

Ta juya fuska bango. Washegari kafin azahar ta cika, ina gida ina dafa mata kunun da za a kai.

Auta bai fahimci komai ba. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya ba shi labari, wai Inna har a gadon mutuwa ɗinki take, hannunta bai huta ba. Yana faɗa, mutane suna cewa Allahu akbar, ni ina zuba musu shayi.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta a ƙasar da ba tata ba, ya yi mata sassaucin da ba ta yi wa mutane ba. Wannan takarda, in na gama, mijina zan fara miƙa wa, kuma ban san da wane ido zai dube ni bayan ya karanta ba. Amma ba shi ya tambaye ni ba, ke kika tambaya. Inna, kwana goma sha ɗaya ina miƙa miki allura ba zare, ina sane, kuma na ji daɗi. Na tashi faɗa, ba kya nan.